Dulab a Bakin Bukka

Lokacin da aka kai ni gidan miji a wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Abu Hujar, can gabas a kan tsohuwar hanyar Makka, ban san na shiga cikin mutanen da ba sa shekara wuri guda ba. Da damina muna noman dawa a bakin kogi. Da an girbe an sussuka, sai gidan ya tashi zuwa yankin Jazira tsintar auduga, wata shekara wajen garin Hajj Abdalla, wata shekara gaba da nan, duk inda mai gona ya aiko neman ma'aikata. Ba ma dawowa sai zafi ya tsananta.

Mu uku ne: ni, maigidana, da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Ta baro ƙasar Sakkwato tana yarinya, a ƙafa, bayan iyayenta da suka nufi Makka. Iyayen sun rasu a hanya, ita kuma ta tsufa ba ta daina ɗaukar kanta matafiyiya ba. Duk abin da ta mallaka, tana iya ɗaure shi tsakanin azahar da la'asar.

Ni kuwa na zo da dulab, wato kabad na ajiye tufafi. Babana ne ya sa wani kafinta a Sinnar ya yi mini, mai ƙofa biyu da madubi, ya fi maigidana tsawo. A ƙauyen babu mai irinsa, mata har zuwa suke su duba fuskarsu.

Da tafiya ta matso, Inna ta zaunar da ni ta koya mini haɗa kaya. Angarib, gadon nan namu na igiya, ba a kwance shi. Kife shi ake yi, ƙafafu sama, ya zama akwati. Kwanoni ƙarami cikin babba, da tsumma a tsakani don kada fentin ya ɓare. Kofunan shayi ta cusa su cikin buhun garin dawa, ta ce ko motar ta faɗa rami ba abin da zai same su. Ta jiƙa igiya kafin ta ɗaure, don in ta bushe ta ƙara kamawa. Buta, tabarma, tukunya guda da ashana ta ware gefe, su ne za su hau ƙarshe, su sauka farko.

Sai ta ga ina goge dulab ina naɗe madubin da bargo.

"Ɗiyata, ina za ki da wannan?"

"Da shi za ni, Inna."

"Ki bar shi nan. In mun komo kin iske abinki."

Na ce gara za ta ci shi, ɓarayi za su ɗauke. Gaskiyar magana, ban taɓa nisa da gidanmu ba, kuma shi kaɗai ne abin da babana ya taɓa da hannunsa a ɗakin. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce wa ɗanta, "Nemo maza su kama mata."

Direban lori ya yi ta faɗa da Larabci, mutane suka matsa suna gunaguni. Inna ta ba dulab wurinta, ta zauna a kan buhu, rana na dukanta har muka isa.

Kambon da aka sauke mu, wato zangon ma'aikata, sabo ne, bukkokin kara jere a gefen tur'a, babban magudanar da ke shayar da gonaki. Ko ina ka duba fili ne shimfiɗe, ba bishiya ko ɗaya. Ƙofar bukkarmu sai an sunkuya ake shiga. Aka juya dulab ta kowace fuska, ya ƙi. A waje ya zauna, na lulluɓe shi da tabarma. Kullum in mun dawo daga gona, yatsu duk sun tsattsage, sai in same shi tsaye kamar baƙon da aka hana masauki. Inna ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa miki" ba. Ita ce ma ta sa masa duwatsu a ƙarƙashi saboda laima.

Ana tsakiyar tsinta zazzaɓi ya kama ta. Da fari takan fita da mu, ta cika rabin buhu ta zauna. Daga baya ta kasa tashi. Na daina zuwa gona, ina dama mata kunu, ina shafa mata ruwa. Wata safiya ta kama hannuna ta ce, "In kun tashi komawa, kada ki bari shi ya ɗaure kaya. Bai iya ba, ƙulli yake yi wanda sai an yanke." Na yi dariya, ita ma ta murmusa. Kafin azahar Allah ya karɓi abarsa.

Matan kambo suka taya ni yi mata wanka. Maza suka tafi haƙa kabari can bayan gonaki. Da maigidana ya dawo, ƙafafunsa duk baƙin laka, sai ya tsaya bai shigo ba. Na ji shi yana magana da limamin kambon ƙasa-ƙasa. Ba su da itacen da za a jera a kan gawa kafin a zuba ƙasa. Karan auduga ba ya riƙewa, babu tubali a kusa, garin da za a samo kuwa sai an kwana, ga zafi ya fara.

Na fito na yaye tabarmar da ke kan dulab.

"Malam, ku cire ƙofofin. In ba su isa ba ku ɓalle bayan."

Maigidana ya ce, "Na babanki ne."

Na ce, "Na sani."

Liman ya ce ba laifi. Suka zare madubin suka jingine, suka ɓamɓare katakon a hankali. Aka ɗauki Inna a kan angarib ɗinta, wasu na biye da alluna a ka. Na tsaya bakin tur'a ina kallonsu har suka ƙanƙance a cikin farin auduga.

Muka ƙarasa aikin, don ba a barin gonar mutum a rabi. Ranar komawa ni na ɗaure kaya, maigidana na miƙo mini abin da na ce. Madubin na bar wa matar da ta zuba mini ruwa lokacin wankan.

Mun isa ƙauye da la'asar sakaliya. Ƙanwar Inna, wadda ciwon ƙafa ya hana ta tafiya shekaru da yawa, tana zaune a ƙofar gida, don labari bai riga mu zuwa ba. Ta ga ɗan yayarta ya sauko, ta ga na sauko. Ta ci gaba da kallon motar har direba ya tayar ya tafi. Sannan ta miƙo mini hannu na ɗaga ta, muka shiga ciki, na zauna a ƙasa gabanta na faɗa mata komai tun daga farko.