Sunan Yaya Zinariya a Littafin Soumaya

Ranar da Soumaya ta zo da maganar littafinta, wuni aka yi ana ruwa a Djougou, irin wanda ba ya ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa. Ina zaune a rumfar yayata Zinariya, tana tsince goro a faranti, tana ware mai ƙwaro da yatsa, don idonta ya fara rauni.

Yaya Zinariya ta girme ni sosai, ita ta goya ni. Gidanmu gidan fatake ne, ayarin goro ne ya kawo kakanninmu garin nan. Mijinta Alhaji Bachir mutum ne mai haƙuri, amma Allah bai ba shi hannun kasuwa ba. Ita ce ta san huhun da zai kai arewa lafiya da wanda zai ruɓe a hanya. Ita ke rigima da direbobi. Ta sha bin kamiyo, wato babbar motar kaya, har iyakar Togo da goyo a baya. Duk da haka sunan Alhaji ne a ƙofar shago, shi ne kuma a goshin motar da suka saya daga baya. Da ya rasu aka goge, aka rubuta na babban ɗansu. Ban taɓa jin ta ce uffan ba.

Soumaya jikarta ce. Ta koyar da yara a Sérou, daga baya ta koma jami'a a Parakou neman digirin dakta, tana bincike a kan matan gidajen fatake. A shekarar nan aka tara ɗaliban aka yi musu horo: yadda ake tambayar mutum ba tare da an sa masa magana a baki ba, da yadda ake neman yardarsa kafin a ɗauki muryarsa. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na ga amfanin abin. Yarinyar da a da ba ta barin kowa ya kai aya, sai ga ta ta iya yin shiru.

Ta ajiye wayarta a tabarma, Yaya ta yi ta ba da labari har la'asar. Da za ta kashe sai ta ce, "Kaka, ki kwantar da hankalinki, ba za a sa sunanki ba. Haka aka koya mana. Zan sa miki wani, kamar Habsa."

Yaya ta ajiye goron da ke hannunta. "Wace ce Habsa? Ita ruwa ya daka a kan huhu?"

"Don a kare ki ne, tsohuwa."

"Daga wa? Sata na yi?" Ta dube ni. "Usaini, ka ji 'yar boko, za ta ɗauki wahalata ta ba wata. Ke, goge abin nan."

Soumaya ta yi dariya, ta zaci wasan kaka da jika ne. Ni na ga ba wasa ba ne, don Yaya ta juya mana baya. Kuma in ta ƙi, sauran tsofaffin unguwa ma za su ƙi, ita suke jira su gani.

Da na raka Soumaya tasha, na ba ta labarin ƙofar shago da goshin mota. Na ce mata ni dai ban san inda aka taɓa rubuta sunan kakarta ba. Ta shiga mota idonta ya yi ja.

A Parakou ta kai maganar wurin malamar da ta horar da su, tana tsoron kada a ce sai dai ta cire labarin. Malamar ta ce in mai magana ce ta nema da bakinta, suna zai iya zama. Amma akwai mutanen da ta ambata waɗanda ba wanda ya nemi yardarsu. Gaskiya ne kuwa, don Yaya ta faɗi sunan wadda ke ɓoye kaya a ƙarƙashin goro in za a wuce iyaka, da wadda ta gudu daga gidan miji a bayan kamiyo.

Soumaya ta dawo da saƙon. "Naki zai zauna, Kaka. Amma ƙawayenki da kika tona wa asiri, sai an sake musu suna."

Yaya ta ce, "Wannan kam daidai ne, jikokinsu suna nan da rai. Ashe malamar taku tana da hankali. Bari in raɗa musu da kaina."

Ta yi ta raɗa musu sunaye tana dariya, mai ɓoye kayan nan ta ce a sa mata Saliha. Sannan ta ce a kunna waya. Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta ce, "Ni ce Zinariya, 'yar Mahamadu mai goro. A rubuta shi haka."

Yanzu Yaya tana unguwar Ganou a Parakou wurin ɗanta. Ba ta gani, ta bar goro. Soumaya ba ta gama littafin ba tukuna, amma ta gama babin kakarta, ta karanta mata, kuma sunan yana nan a farkonsa.