Akwatin Zuman Bilyamin na Ƙarshe

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Damazin da azumi, dab da magariba, da wuya bai gamu da Bilyamin ba, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon tsohon nan da ke tsayawa a tsakiyar titi, ya ware rawaninsa, shi da wani su miƙe rawanin su tare bas, sai kowa ya sauko ya sha ruwa a tabarmar ƙauyensu. Direbobi sun yi masifa har sun gaji. Kuma ba da azumi kaɗai ba. Tun da ya yi aure bai taɓa cin abinci a cikin ɗaki ba. Ko kunu ne, sai an kai masa ƙofar gida a siniya, babban tiren nan na ƙarfe, ya zauna yana waige-waigen wanda zai kira. Matarsa Nasiba takan ce rabin garin da girkinta suka yi kumatu, shi kuwa mai gidan har yau ana ƙirga haƙarƙarinsa.

Sana'arsa zuma, kuma gado ya yi. Kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato zai je Makka da ƙafa, ya tsaya a bakin kogi don ya huta damina ɗaya, hutun da bai ƙare ba ke nan. Uban Bilyamin ne ya fara saƙa amya da ciyawa, ya yaɓe da kashin shanu, ya rataye a kan magarya da ɗakwara. Bilyamin ya iya hawa bishiya kafin ya iya ɗaure wando. A zamanin ƙuruciyarsa, in ya ɗebo zuma har maƙwabta sai sun ba da aron tukwane.

Sai manyan gonakin tarakta suka zo suka share dajin, masu gawayi suka ƙarasa abin da ya rage, maganin feshi kuma ya bi ta kan furen da ya tsira. Amya ta riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata ƙungiya ta raba akwatunan zuma na katako, ya karɓa yana tsaki, ya juye ƙudansa a ciki. Su ma akwatunan suka yi ta zama kango, har ya rage saura guda a gindin magaryar bayan gida. A ganinsa waɗannan jikokin ƙudan ubansa ne, kuma babu mai iya musa masa. Gwiwoyinsa sun riga sun ƙi hawa, 'ya'yansa maza suna birni, ko sunan amya ba su sani da Hausa ba. In ƙudan nan suka tafi, shi da zuma sai dai ya gani a kasuwa, kuma ya san haka sarai.

Bazarar bana ta zo da zafin da ko kare ba ya fita. Babu fure ko na magani. Ya buɗe akwatin ya tarar da saƙar a bushe, ƙudan suna tafiya kamar masu jinya. Washegari ya hau bayan wata akori-kura ya nufi Damazin, wurin Jibril, ɗan maƙwabcinsa da ke sayar da kayan gona.

Jibril ya shimfiɗa masa mazuban da ake ba ƙudan zuma ruwan sukari da su.

"Baba, wagga ita ake ce ma gazzaya," in ji Jibril. "Akwai ta kwalba, ana kifa ta bakin ƙofa. Akwai ta sama, ƙarƙashin murfi. Amma naka sun yi rauni, ta ciki za ka ɗauka. Ka sa ta tsakanin saƙa, ka liƙe ƙofar da laka, ka bar ɗan rami. Kalas."

Bilyamin ya juya robar gazzayar a hannu. "To, na daji hwa?"

"Mi ya haɗa ka da na daji, Baba?"

"Su ci a ɓoye, ƙofa rufe, 'yan'uwansu na shawagi da yunwa a waje? Haram alek, Jibril. Ba haka ubanka ya tashe ka ba."

"Baba, zuma ba mutane ba ne. In baƙi sun ji ƙamshi..."

Ina! Tsoho ya riga ya ajiye robar ya gyara rawani. Ai in Bilyamin ya ɗauki abu a matsayin rowa, ko limami bai isa ya juya shi ba. Ya sha rana ya koma gida hannu wofi.

Siniyarsa ta cin abinci ya ɗauko. Ya ce Nasiba ta kawo sukarin da take tattali don shayi.

"Malam, shi ke nan hwa sukkar ɗin da muke da shi," ta ce.

"Malesh, yi haƙuri. Mu muna da baki, mu roƙi Allah. Su hwa?"

Ta miƙo masa gwangwanin. Ta daɗe da sanin cewa gardama da shi ɓata yawu ne. Ya dama, ya zuba a siniya, ya watsa tsinkayen dawa a kai don kada ƙudan su nutse, ya ajiye a inuwa kusa da akwatin.

Kafin la'asar wurin ya cika. Daga kogon kukar bakin kwari suka zo, daga ramukan gaɓar kogi, baƙaƙe masu ƙarfi, har ba a ganin ƙarfen siniyar. Bilyamin ya zauna a turmi yana dariya shi kaɗai, rabonsa da jin wannan rugugin tun ubansa na da rai. Daɗi ya hana shi lura cewa nasa, da yunwa ta riga ta karya, ko gefe ba sa samu.

Da siniya ta bushe, baƙin ba su koma gida ba. Suka bi ƙamshi zuwa akwatin, ga ƙofa a buɗe, masu tsaronta kuma ba su da ƙarfin tare kowa. Aka kama kokawa a bakin ramin. Ya kunna kashin shanu ya yi musu hayaƙi, ya jiƙa buhu ya rufe, suka harbe shi har ido ɗaya ya kumbura. A banza. Da safe gawarwaki sun taru a gindin akwatin, tururuwa na ja. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Abin da ya fi ci masa rai shi ne da hannunsa ya kira su, kuma har cikin zuciyarsa ya kasa ganin laifin masu yunwa.

Ya liƙe ƙofar da laka, ya bar ɗan rami, ya sake hawa akori-kurar. Wannan karon hanyar ta yi masa tsawo, kowane rami sai ya ji shi a ƙugu. Jibril ya dubi idon, ya naɗe gazzayar ciki a leda, har ya ƙara masa da ɗan sukari. Da ya yi masa gori ma da ya fi sauƙi.

La'asar sakaliya ya iso. Nasiba na tsaye a ƙofar gida, abin da ba ta saba ba.

"Sannu da hanya, Malam. Zamna ka sha ruwa tukuna."

"Bari in sa musu wagga in dawo."

"Malam." Ta riƙe hannun rigarsa. "Ƙudan sun tashi tun hantsi. Ina shanya na gan su."

Ya tsaya da leda a hannu. Gajiyar tafiyar duka ta sauko masa lokaci ɗaya, har sai da ya dafa bango.

"Ina suka yi?"

"Sun tsallake kogi."

"Suna da yawa?"

Ta nemi ƙaryar da za ta yi masa, ba ta samu ba.

"Ba za su cika ƙoƙo ba," ta ce.