Ranar da Na Saka Kan Kakan Wasu a Buhu

Lokacin da abin nan ya faru ni mai haƙar masai ne a Gwallaga. Gemu ya fara furfura, ga 'ya'ya, amma hankalin yaro ne a kaina. Boko kuwa ban yi nisa ba, malamin ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Abin da na ƙware a kai shi ne tsokana, kuma ita ta ja mini.

An ba mu aikin rami a wani sabon fili can bayan gari, gindin duwatsu. Mun yi zurfin tsayin mutum sai diga ta bugi tukunya. Na share ƙasa, sai ga ƙasusuwan mutum a zaune, gwiwa a ƙirji, da awarwaron ƙarfe a hannu. Duk mai sana'ar nan ya san ƙa'ida: ka mayar da ƙasa, ka yi addu'a, ka matsa gefe ka sake haƙa. Abin da abokin aikina ya ce mu yi ke nan. Ni kuwa sai na tuna wani mahauci a majalisarmu mai cika baki wai ba ya tsoron komai. Na ɗauki ƙoƙon kan na jefa a buhun siminti, na hau acaɓa.

Ban kai majalisar ba. 'Yan sanda suka tare mu a hanya, ɗaya ya tambayi me ke cikin buhun, na ce masa kabewa ce. Ya leƙa. Kafin in haɗiye yawu jama'a sun taru, ana cewa ga mai sayar da kawunan mutane. A caji ofis na faɗi gaskiya, wai mahauci zan tsorata, sai suka ce in nemo ƙaryar da ta fi wannan. Duk wanda nasa ya ɓata a garin nan sai da aka kawo shi ya kalle ni. Wata mata ta riƙe ƙarfen ƙofa tana roƙona in gaya mata ko kan ɗanta ne. Ran nan tsokana ta ƙare mini.

Likita ne ya cece ni. Ya duba ya ce mai kan nan ya girmi kakan kakana, ya mutu tun gari bai kai wurin ba. Aka sake ni, na ɗauka shi ke nan.

Ashe da saura. Wani tsoho daga wani ƙauye bayan duwatsun ya zo har gidana. Ya ce wurin tsohon mazauninsu ne, haka kakanninsu suke binne mutum a zaune, kuma a wurinsu wanda aka raba kansa da jikinsa ba ya samun hutu. So yake ya mayar da ƙoƙon kan cikin ƙasa, tunda kuwa ni na ɗauko, ni zan raka shi. Muka fara yawo. 'Yan sanda suka ce yana asibiti. Asibiti suka ce an miƙa wa masu kayan tarihi, har sun je sun kwashe sauran ƙasusuwan. Can kuma yau mai makulli ya yi tafiya, gobe ana taro, jibi ba wuta. Da ƙyar aka nuna mana shi a kwalin sabulu a ƙarƙashin tebur, an rubuta masa lamba a goshi. Suka ce yanzu kayan gwamnati ne. Tsohon ya ce shi ba kaya ya zo nema ba, mutum ne. Ni na yi ta masifa har aka ce in fita waje.

Har yau wannan kwalin bai bar ofishin ba, a iya sanina. Don haka 'yan'uwana masu haƙa, da ku masu sayen fili a bayan gari, in kun tarar da mutum a ƙasa ku bar shi inda nasa suka ajiye shi, ku tambayi tsofaffin wurin. Ko bai kalli alƙibla ba, da kuka aka sa shi a nan. Ɗaukowa ba wuya, ni shaida ne. Mayarwar ce ta gagare ni.

Ranar da tsohon ya gaji da zuwa, na raka shi tasha. Ya dafa kafaɗata ya kira ni ɗansa, ya ce shi ma ya kusa tafiya wurin kakanninsa, in gaya masa, in sun tambaye shi wa ya hana mai kan nan kwanciya, sunana zai faɗa ko na gwamnati.