Tururuwa a Cikin Ludayi

Haihuwata ta fari a ɗakina na yi ta, a cikin garin Daura. Ba a kai ni goyon ciki ba, don wadda za a kai ni wurinta ta rasu tun kafin bikina. Sai aka ɗauko ƙanwar baban maigidana daga Zango, ta zo yi mini wankan jego. Goggo muke ce mata. Shi kuwa maigidan, ana gama suna ya koma dakon kayansa ta kan iyakar Kongolam.

Goggo ba ta yi mini ƙwauro ba. Kunun kanwa da safe, kauri mai yaji da rana, tuwo kuwa sai na ce na gode. Ina ci, ina sha, ina zubewa. Awarwarona da a da sai da sabulu nake cire shi, ya koma yana zamewa har gwiwar hannu. Lokacin ne dogon hijabi ya shigo gari sosai, bayan an ƙaddamar da shari'a, kowace mace sai ka gan ta har ƙasa. Masu zuwa barka su tarar da ni a lulluɓe, su ce, "Kai, jego ya karɓe ki." In yi murmushi. Da mahaifiyata ce, daga wuyan hannuna kaɗai za ta gane.

Ga kunyar ɗan fari. Ban isa in kira sunansa ba, ban isa in ƙura masa ido a gaban mutane ba, ko kuka yake sai in yi kamar ɗan maƙwabta ne. Goggo ke masa wanka, ita ke goya shi. Abu ɗaya ne nawa a jikinsa, lokacin da za ta miƙo shi ta ce, "Ungo, ba shi." Nan ma kaina a kauce nake shayar da shi, amma ina jin ɗumin cikinsa a nawa. Duk yinin duniya wannan nake jira.

Wata safiya tana fyaɗa mini ganyen darbejiya da ruwan zafi, sai ta tsaya.

"Ke 'yar nan, haƙarƙarinki nake ƙirgawa. Yaron nan kuma kullum kuka. Anya nonon nan na ƙwarai ne?"

"Yana sha, Goggo."

"Sha daban, karɓa daban. Za mu gwada. In mugu ne, akwai mai goyo a gidanmu, sai in tafi da shi."

Ta faɗa kamar mai zancen aron tukunya. Raina ya ɓaci, amma uwar ɗan fari ba ta da bakin roƙo a kan ɗanta. Na ɗaura zanena.

Da rana ta ɗaga, Goggo ta sa na tatsa a ludayi. Ta je gindin katanga ta kamo tururuwa, ta jefa a ciki. In ta mutu, nonon mai dafi ne. In ta fita, shi ke nan. Na tsuguna ina kallon ƙwaron nan da kullum nake sharewa da tsintsiya, yau shi ne alƙalina. Tururuwar ta juya, ta nutse, ta taso. Ta kama gefen ludayin ta zame. Ban san ina addu'a a fili ba sai da Goggo ta ɗago ta dube ni. Can tururuwar ta sake kamawa, ta ja jiki, ta bi mariƙin ludayin ta sauka ƙasa da farin ɗigo a bayanta.

Goggo ta watsar da nonon. "Lafiyarsa lau. To ke me ke cin ki?"

Tun da na haihu ba wanda ya tambaye ni wannan. Na buɗe baki, abin da ya fito kawai, "Innata." Sai hawaye.

Ba ta rarrashe ni ba, ba halinta ba ne. Ta kwanto yaron daga bayanta ta ɗora mini a cinya, ta ce za ta leƙa maƙwabta aron turmi, ga namu kuwa a tsakar gida. Ta fita ta saki labule.

Ranar na fara kallonsa sosai. Na kira sunansa a hankali. Da ya yamutsa fuska zai kama nono, sai ga goshin Innata sak, har da 'yar tattarar nan ta tsakanin gira. Na ɗaga kai in nuna wa wani. Duk gidan ba wanda ya taɓa ganin fuskarta.