Bayan Zanan Sada Mai Faci

Duk watan azumi, ƙasar da ke gindin zanan Sada mai faci a jiƙe take da tsakar rana. Masu wucewa kan ɗauka ruwan gwada taya ne ya zube. Randa ce ya ɓoye a bayan zanan, da moɗa da 'yar tabarma.

Sada mutumin Sukuntuni ne. Noma ya gada, faci kuwa a bakin titin Kankiya ya koye shi, nan kuma gemunsa ya yi fari. Ya daɗe yana lura da cewa da an ga wata, masu abinci kan kife tukwane sai yamma. Matafiyi ko mara lafiya, addini ya yi masa rangwame, amma idon jama'a bai yi masa ba. Shi ya sa Sada ya kafa zana.

Ran nan tayar wata bas daga Katsina ta sace daidai rumfarsa. Cikin waɗanda suka sauka akwai wani tsohon makiyayi, Bubayero, an sallamo shi daga asibiti zai koma rugarsa wajen Mawashi. Leɓɓansa sun tsattsage, sandarsa sai rawa take. Mijin 'yarsa, Zakiyyu, ya raɓo kusa da Sada, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, likita ya hana shi azumi. Tun safe bai sha magani ba, ko ruwa. Tsoro nike ya faɗi."

Sada ya dubi tsohon, ya dubi saurayin. Ya san Fulani. Bubayero ya gwammace ya kife nan bakin titi da ya kai moɗa baki gaban surukinsa.

"Ai kai ne ciwon nashi," in ji Sada. "Ungo jarka, tafi rijiyar masallaci. Kada ka yi sauri."

Da Zakiyyu ya sha kwana, Sada ya durƙusa gaban tsohon.

"Ardo, taso ka duba mani wata saniya bayan zana."

"Kaɗo, ina kai ina saniya?" Muryar da ƙyar take fita. Amma ya miƙe.

Sada ya zaunar da shi kan tabarma, ya fito ya ba zanan baya. Ya ɗauki guduma ya yi ta dukan tayar, wadda tuni ta saki, don kada kowa ya ji ƙarar haɗiya.

Da Bubayero ya fito, sandar ta daina rawa. Bai yi godiya ba, Sada ma bai ɗago kai ba.

"Saniyar taka ta rame," kawai tsohon ya ce, ya nufi mota.

Sada ya ɗaure tayar, Zakiyyu ya dawo da jarka, motar ta tashi. Ya wanke hannu da toka, ya tsallaka titi ya zaɓo wa iyalinsa kankanar buɗa-baki.