Ranar da Bijimin Watanda Ya Ɗora Ni Kan Tanki

Ko me zan manta, ba zan manta jajibirin ƙaramar sallar da bijimin watanda ya ƙwace a unguwarmu ta Tungan Maje ba.

Ni ne shugaban masu haɗa kuɗin sayen bijimin a raba nama, kuma ba na wasa da tsari. Kafin a sauke shi daga mota na kafa doka: na ɗaya, in ya ƙwace kada kowa ya gudu, na biyu, a taka igiya, na uku, a jira umarnina. Ina maganar ina dogara sanda, don gwiwata ta daɗe tana ciwo. A zaune nake salla, kullum mai ɗakina na gasa min ita da ruwan zafi.

Ana sauke shi ya fizge, ya yo kaina. Abin da ya biyo baya, labari aka ba ni. Ni dai na tsinci kaina a kan tankin ruwan masallaci, ƙirjina na bugawa. Mutanen kuwa sun tsaya sun taka igiya.

"Ciyaman, mun yi na ɗaya da na biyu," in ji mahauci, yana ɗaga kai. "Saura na uku."

Da tsani aka sauko da ni. Dariyar jama'a ba ta dame ni kamar kallon mai ɗakina ba.

"Malam, ashe ƙafar da nake gasawa har tashi sama take yi," in ji ta. "Daga yau ka gasa abarka."

'Yarmu nas ce, ta zo mana salla. Ta ce, "Mama, Baba ba ƙaryar ciwo yake ba."

Na ce ta yi bayani bi da bi.

"To, Baba. Kowace ƙoda akwai ɗan nama a kanta kamar hula. Ƙwayoyin cikinsa sun riga sun ƙulla wani sinadari, adirenalin, a 'yan jakunkuna suna jira. Ido ya ga ƙaho, ƙwaƙwalwa ta aika saƙo ta jijiya, jakunkunan suka matso bakin ƙwaya suka juye cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, ƙarfi ya tafi cinya, ciwo ya lafa na ɗan lokaci."

"Ba a nemi izinina ba?"

"Da an jira ka, Baba, da yanzu muna asibiti."

Mai ɗakina ba ta gamsu ba sai da safe, da gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya, na kasa zuwa idi. Ta shigo da butar ruwan zafi, ta zauna ta hau gasa min ita.

Tun daga ranar na daina yi wa matsoraci tsawa. Na gane jikina ma yana da na ɗaya, na biyu da na uku, kuma a cikin tsarinsa babu inda aka ce a jira ciyaman.