Waƙar Dakan Mahaifiyata

Shekarun baya, in aka tambayi mahaifiyata aikin da nake yi, amsarta ɗaya ce: "Waƙa yake yi a rediyo." Alhali na daɗe da ajiye waƙa. Na yi aikin jarida, na kafa shirin matasa a wani gidan rediyo a Utako, har shekaru suka kai ni kujerar shugaban hukumar gidan. Duk wannan bai dame ta ba.

Tana da hujjarta. Taken da ake buɗe shirin matasan da shi kowace Asabar, ni na rera shi tun ina da gashi a ka. Karin kuwa na waƙar da take yi ne in tana daka, na ɗauko na sauya baitocin. Da idonta ya yi rauni ta daina fita, sai ta zauna a gidanta na Kurudu da rediyo a cinya. Taken na ƙarewa take kashewa, sauran shirin ba ruwanta.

Ran nan a zaman hukuma, sabuwar shugabar shirin, wata matashiya mai kaifin baki, ta nemi a sauya taken.

"Oga, gaskiya ya tsufa. Mai waƙar ma kamar mura yake yi."

Tsofaffin ma'aikata suka sunkuyar da kai. Na ce mata ai mai murar ne zaune a gabanta. Saura kaɗan ta shige ƙarƙashin tebur.

Ƙa'idarmu ita ce, wanda magana ta shafa ya fita a yanke ba shi. Da gira kawai na ɗaga, da an bar taken. Amma ni ne kullum mai cewa shirin na matasa ne, don haka na tashi na fita. Aka yanke a sauya. Da yarinyar ta biyo ni ba da haƙuri, na ce ba komai, sai dai akwai tsohuwa a Kurudu da ban san yadda zan gaya mata ba. Na ba ta labarin.

Da na gaya wa mahaifiyata, ta daɗe tana shafa rediyon.

"To a ina zan riƙa jin ka?"

Na koma gida zuciyata ba daɗi.

Ranar da za a sa sabon taken na je na zauna kusa da ita, don kada ta ji ita kaɗai. Sai ga ƙarar taɓarya a turmi daga rediyon, ganga ta biyo, sannan muryar mahaifiyata. Ashe yaran shirin sun zo da na'urarsu cikin mako, ƙanwata ta yi musu dakan, aka haɗa baki aka ɓoye min.

Mahaifiyata ta juyo tana dariya. "Ka ji yadda ake yin ta. Shekara da shekaru kana ɓata min waƙa, na yi shiru. Kai kuma tunda sun kore ka, sai ka riƙa zuwa Asabar ina jin ka a nan."

Haka muka yi ta yi har Allah ya karɓi abarsa. Na fita daga ɗakin taron nan ina ganin na yi rashi, ashe Asabar ɗinmu aka dawo mana da ita. Har yau in taken ya taso a mota, sai na gangara gefen titi, don hawaye ba sa barina in ga hanya.

Kwanaki jikata ta ga hoton mahaifiyata, ta tambaye ni aikin da take yi. Na ce, "Waƙa take yi a rediyo."